A ina talakan birnin Rum yake kwana?

Jama'a, akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda muke kallon tarihin Girkawa da Rumawa. Da an ambace su, abin da ke faɗo mana a rai shi ne farin marmara da dogayen ginshiƙai, har maginanmu sun ɗauki salon suna jera shi a ƙofar manyan gidaje. Ban ce laifi ba ne, kyau abin so ne. Amma duk sanda na ga hoton haikalin Fartenon ko filin Kolosiyam, tambayar da ke zuwa mini daban ce: mai dakon da ya ɗauko dutsen nan, da yamma ta yi, ina ya je ya kwanta? Ina matarsa ta ɗebo ruwa? Ina aka zubar da ƙazantar gidan? Ni a wurina, amsar waɗannan tambayoyi ita ce tarihin birni.

Mu fara da Atina. An gina Fartenon tsakanin shekarar 447 da 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin Ferikilis, jagoran Atina, bayan an kwaso baitulmalin ƙawancen garuruwan Girka daga tsibirin Delos an maido shi Atina. To sauko daga kan dutsen da haikalin yake ka shiga gari. Lunguna ne ƙanana masu karkacewa, ƙura da rani, taɓo da damina. Gidajen na tubalin ƙasa ne a kan harsashin dutse, bango mai laushin da sunan ɓarawon gida a harshensu ma'anarsa "mai haƙa bango", don ba ya wahalar da kansa da ƙofa. Gidan yana ba wa titi baya, ɗakuna suna kewaye da tsakar gida, nan ake samun haske da iska, nan rijiya take ko ramin tara ruwan sama. Akwai ɗaki guda da ake ce wa andron, inda maigida ke karɓar baƙinsa maza su kishingiɗa su ci su sha, mata kuma suna can nasu sashen. Wanda ya tashi a gida mai zaure ba sai an yi masa dogon bayani ba. Demostenis, shahararren mai jawabin nan, ya taɓa tuna wa mutanen Atina cewa manyan magabatansu irin su Miltiyadis da Aristidis gidajensu ba su fi na maƙwabtansu ba, dukiyar a kan ginin jama'a ta tafi.

Wannan shi ne abin da nake girmamawa a wurin Girkawa. Mutum gidansa ƙarami ne, amma yana da dandali. Agora suke ce masa: kasuwa ce, kotu ce, ofisoshin hukuma ne, wurin hira ne, duk a fili ɗaya, ga dogayen rumfuna masu ginshiƙai da kowa zai shiga inuwarsu ba tare da biyan ko anini ba. A irin wannan wuri Sokiratis yake tare mutane da tambayoyi. Wata babbar mazhabar falsafa ma, ta Sitoyik, daga sunan ɗaya daga cikin rumfunan ta samo sunanta, don nan malaminsu Zeno yake zama da almajirai. Kuma akwai hukuma mai kula da ƙananan abubuwan nan da muke rainawa. Jami'ai goma ake zaɓa, biyar a Atina biyar a tashar jiragen ruwa ta Firayus, aikinsu su hana kowa cin titi da gini, su hana indararo zuba a kan masu wucewa, su tabbatar masu kwasar bahaya sun kai shi nesa da ganuwa. Duk da haka, da yaƙi da Sparta ya sa mutanen karkara suka cunkushe a cikin ganuwa, annoba ta ɓarke a 430, ta ci jama'a masu ɗimbin yawa, shekara guda bayan nan ta ɗauke Ferikilis kansa. Fartenon yana sabo fil a kan dutse a lokacin, bai hana komai ba.

Rum kuwa wata duniya ce. Zamanin Sarki Agustus mutanenta sun kai kimanin miliyan ɗaya. Wata ƙididdiga ta ƙarni na 4 miladiyya ta nuna gidajen masu hali, irin na iyali guda, ba su kai 2,000 ba, alhali gidajen haya da suke kira insula sun haura 40,000. Ke nan ɗan Rum na gaskiya ɗan haya ne. Benaye ne hawa huɗu, biyar, wani lokaci fiye, har sai da Agustus ya kafa doka cewa kada gini ya wuce ƙafa 70, daga baya Tarajan ya rage zuwa 60. A ƙasa shaguna ne, hawa na farko na masu ɗan abin hannu, kuma iya hawanka sama iya talaucinka. Can ƙarƙashin rufi ɗaki ne guda, babu ruwa, babu bayan gida, babu madafa, sai kaskon gawayi da fitilar mai a cikin ginin da rabinsa katako ne. Mawaƙinsu Jubenal ya koka cewa in gobara ta tashi a ƙasa, na can sama shi ne na ƙarshen sani. Ya kuma ce wanda zai fita cin abincin dare bai yi wasiyya ba sakarai ne, saboda abin da ake jefowa ta tagogi.

Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan babi shi ne halin masu gidajen. Shisharo, wanda har yau ake karanta jawabansa a kan adalci da mutunci, ya rubuta wa abokinsa Atikus a shekarar 44 kafin miladiyya cewa shagunansa biyu sun rushe, sauran sun tsattsage, 'yan haya sun gudu, har ɓeraye sun kwashe. Bai yi maganar ko wani ya ji rauni ba, lissafinsa shi ne yadda sabon gini zai mayar da asarar riba. Karasus, attajirin da ya fi kowa a zamaninsa, yana da bayi magina fiye da 500, sana'arsa sayen gidan da ke cin wuta da na maƙwabta a kan kuɗi ƙalilan, daga hannun masu shi da tsoro ya kama. Sai a shekara ta 6 miladiyya Agustus ya kafa 'yan kwana-kwana, runduna bakwai, kowace tana kula da unguwanni biyu. Ko da su, gobarar shekarar 64 zamanin Nero ta shafe unguwanni uku ƙurmus daga cikin goma sha huɗu, ta lalata bakwai, huɗu kaɗai suka tsira. Da dare ma babu barci, domin an hana amalanke shiga gari da rana, sai duhu ya yi su kwararo da kaya a kan titin dutse.

To me ya riƙe mutum miliyan a irin wannan wuri? Alkama daga Masar da Arewacin Afirka, wadda ake raba wa kimanin mutum 200,000 kyauta, wannan ɗaya ke nan. Amma babban abin shi ne ruwa.

A 312 kafin miladiyya Afiyus Kilaudiyus ya janyo hanyar ruwa ta farko zuwa Rum, shi ne kuma mai babban titin nan da ke ɗauke da sunansa. Zuwa shekarar 226 miladiyya hanyoyin sun zama goma sha ɗaya. Ɗaya daga ciki, Akwa Marsiya, tafiyar kimanin kilomita 91 take yi daga tsaunuka. Babu inji, babu wutar lantarki, gangara ce kawai, wadda aka auna da haƙuri. Hanyar da ke kai ruwa garin Nim na Faransa ta yau tsawonta kusan kilomita 50 ne, amma bambancin tudu tsakanin mafari da ƙarshe bai kai mita 13 ba. Ku tsaya ku yi tunanin wannan awo, da igiya da sanda da kwamin ruwa aka yi shi. Gadojin nan masu baka-baka da ake ɗauka hoto ɗan guntu ne na aikin, mafi yawansa a ƙarƙashin ƙasa yake inda ba mai gani balle ya yaba. A wannan ɓangare namu na duniya ma sun yi, ruwan birnin Kartaj daga dutsen Zagwan na Tunisiya yake zuwa, tafiyar fiye da kilomita 130.

A Rum ruwan ba ya tsayawa, dare da rana yana zuba a kwamin unguwa, talaka ya zo da tulunsa ya ɗiba kyauta, abin da ya malala ya wanke titi ya faɗa babbar kwatar nan ta Kilowaka Maksima, wadda aka fara tun ƙarni na 6 kafin miladiyya, har yau bakinta yana nan a gaɓar kogin Taiba. A shekarar 33 kafin miladiyya, Agirifa, babban kwamandan yaƙi kuma na hannun daman Agustus, ya karɓi ƙaramin muƙamin kula da tituna da ruwa bayan ya riga ya riƙe mafi girman muƙami a ƙasar, ya sa aka yashe kwatocin, ya shiga kwalekwale da kansa ya bi ta cikinsu ya duba. Ya ajiye ma'aikata 240 ba su da aiki sai gyaran hanyoyin ruwa, daga baya Sarki Kilaudiyus ya ƙara 460. Wannan batu na gyara shi ne inda nake so a tsaya a duba. Fara aiki kowane sarki yana so, don sunansa zai hau kan dutse. Amma ajiye mutum 700 suna kankare dattin da ya daskare a cikin rami, suna toshe yoyo, shekara da shekaru, wannan sai hukumar da ta ɗauki ruwan jama'a a matsayin amana.

Mutumin da na fi ƙauna a duk tarihin nan shi ne Furontinus, wanda aka naɗa shugaban ruwan Rum a shekarar 97 miladiyya. Dattijo ne da ya yi gwamna a Birtaniya, amma bai zauna ya jira rahoton na ƙasa da shi ba. Ya bi hanyoyin, ya auna ruwan da ke shiga da wanda ke isowa, ya tarar lissafi bai yi daidai ba. Sai ya gano masu gonaki suna huda magudana a hanya, ma'aikatan ruwa suna karɓar na goro su sa wa mutum bututun da ya fi wanda aka ba shi izini, wasu suna sata ta ƙarƙashin titi. Ya rubuta duk wannan dalla-dalla domin wanda zai gaje shi. A ciki ne ya ce a gwada waɗannan ayyuka da ba a iya rayuwa sai da su da dalar Masar da ba ta aikin komai, ko gine-ginen Girkawa masu suna marasa amfani. Ya ɗan zafafa a kan Girkawa, don su ma a tsibirin Samos sun huda dutse fiye da kilomita guda tun ƙarni na 6 kafin miladiyya, suka faro daga ɓangarori biyu suka haɗu a tsakiya, duk don ruwa. Amma a kan ma'aunin da ya ɗauka, ina bayansa ɗari bisa ɗari.

Da ruwan nan ne gari ya zame wa talaka sauran gidansa. Ɗakinsa na kwana ne kawai. Wanka sai gidan wankan jama'a, da kuɗi mafi ƙanƙanta a ƙasar, ya shiga ɗakin ɗumi, na zafi, na sanyi, ya motsa jiki, ya ji labarin gari. Na Karakalla da aka buɗe a 216 yana ɗaukar kimanin mutum 1,600 a lokaci guda. Abinci sai a bakin titi. A Fomfei, garin da tokar dutsen Besubiyus ta binne a shekarar 79, an tono shagunan dafaffen abinci fiye da 80 da tukwanensu a binne cikin kanta, an samu burodi ya zama gawayi a cikin tanderu, ga manyan duwatsu a tsakiyar titi da mai ƙafa zai taka ya tsallake ba tare da ya taɓa ƙazanta ba, an bar rata don ƙafar amalanke, ga tallan 'yan takara a jikin bango. Wannan ya fi gaya mini ko su wane ne mutanen fiye da gumakan sarakunansu.

Kada kuma a ɗauka ina wanke su. Ƙarƙashin daɓen gidan wankan nan mai ɗumi bayi ne a cikin hayaƙi suna tura itace a wuta. Ma'aikatan ruwan Agirifa su ma bayi ne. A Atina mai dandalin 'yanci, mace da bawa da baƙo ba su da ƙuri'a. Ruwan bai taɓa hawa bene ba, wani ne yake hawa da shi a kafaɗa, kuma yawancin gidaje ba a haɗa su da kwata ba. Bututun dalma suke amfani da shi, alhali magininsu Biturubiyus ya yi gargaɗi cewa na yumɓu ya fi lafiya, ya kafa hujja da yadda jikin maƙeran dalma ke koɗewa. Duk daɗin da talakan Rum ya samu, akwai wanda ke ƙasa da shi da ya biya da jikinsa, kuma wannan bai kamata ya ɓace a cikin labarin ba.

A shekarar 537, da Gotawa, wata ƙabilar Turai, suka yi wa Rum ƙawanya ƙarƙashin sarkinsu Witigis, sai suka datse hanyoyin ruwan. Birnin ya riga ya fara raguwa kafin nan, amma daga lokacin manyan gidajen wanka suka mutu, kuma sannu a hankali mutane suka bar tuddai suka gangaro gefen Taiba suna shan ruwan kogi da na rijiya. Kolosiyam yana tsaye, ƙubbar haikalin Fantiyon mai faɗin mita 43 tana tsaye, amma birnin miliyan ya koma bai kai mutum 50,000 ba, shanu suna kiwo a dandalin da majalisar dattawa take. Hanya ɗaya da ta ci gaba da ɗan kawo ruwa ita ce Akwa Birgo, wadda Agirifa ya gina a shekarar 19 kafin miladiyya, don kusan dukkanta a ƙarƙashin ƙasa take. An gyara ta a 1453, kuma ita ce har gobe take zuba a maɓuɓɓugar Tirebi da masu yawon buɗe ido ke jefa wa kwabbai.