Kujera nawa, kuma a wace unguwa?

Duk lokacin da hukuma ta tashi gina laburare, zanen gini ake fara nuna wa jama'a: bene hawa kaza, littattafai dubu kaza. Ni kuwa abin da nake so in ji shi ne mutum nawa za su samu wurin zama a lokaci guda, kuma nawa yaro zai kashe a mota kafin ya iso.

Mutanen Gana sun riga da yawa daga cikinmu a wannan harka. Tun 1950 suka kafa hukumar laburare ta ƙasa, ana kiran ƙasar Gold Coast a lokacin, kuma a cikin shekarun nan na 1950 Kumasi ta samu nata, wanda ke can wajen Cibiyar Al'adu, ba nisa da kasuwar Kejetia. Waɗanda suka gina shi sun kyauta, amma garin da suka yi wa lissafi ba shi ne na yau ba. A 1960 mutanen Kumasi ba su kai dubu 300 ba. A ƙidayar 2010 sun haura miliyan ɗaya da rabi. Garin ya bazu har aka yanke Asokore Mampong ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta a 2012, aka sake yanke su Suame, Tafo, Kwadaso, Asokwa da Oforikrom a 2018.

Mu a Kano babba muka gina. Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello gini ne na alfahari, ba na musu. To amma ɗan Rijiyar Lemo ko Ɗorayi ko Sheka, adaidaita sahu nawa zai hau zuwa da dawowa? Haka ɗan unguwar Aboabo ko Sawaba yake lissafin kuɗin trotro, wato motar haya, a nan Kumasi. Garuruwan biyu sun bi hanya daban, sun tarar da matsala ɗaya: yaron da ya fi kowa bukatar wurin shi ne ya fi nisa da shi.

Wanda ya san zaman zango ya san abin da nake nufi. Gidan haya mai ɗakuna barkatai, iyali guda a ɗaki da falo ko ma ɗaki ɗaya, rediyon maƙwabci a kunne, ƙanne suna guje-guje, ga wuta idan ta ga dama ta ɗauke. Yarinyar da za ta zauna jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare ko WASSCE ta gama babba tana da littafinta a jaka. Tebur take nema, da fitila, da fanka, da shiru na awa biyu. Masu cewa ai yanzu komai yana cikin waya su lura da wannan, don waya ba ta ba mutum wurin zama. Shi ya sa nake ganin lissafin girman laburare daga kujera ya kamata ya fara. Masu tsara gini sukan ware wa mai karatu ɗaya kimanin murabba'in mita biyu da rabi, wato kujera 200 kaɗai za su ci mita 500, ba a zo kan kantocin littattafai ba, balle sashen yara, ɗakin kwamfuta da banɗaki. A unguwanninmu sai an ƙara wurin alwala da salla, da ɓangaren da uwa za ta yarda 'yarta ta zauna har la'asar hankalinta kwance. Kuma a ba littattafan Larabci da ajami wuri, don zango na da malamai masu rubutu tun zamanin Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda a Kano aka haife shi.

Sannan yawan jama'ar da za a yi lissafi da shi na shekara 20 masu zuwa ne. Tela mai hankali idan zai ɗinka wa yaro riga yakan bar kalmasa a ciki, don ya san baɗi sai an saki. A zuba harsashin da zai iya ɗaukar ƙarin bene, a tuna takarda na da nauyi ƙwarai, a bar fili a gefe kada a cika shi da shaguna.

Da za a ba ni zaɓi tsakanin katafaren gini ɗaya a tsakiyar Kumasi da matsakaita biyar ko shida a Asawase, Aboabo, Tafo da sauransu, na biyun zan ɗauka ba tare da jinkiri ba. Na san kuɗin ma'aikata da wuta zai fi yawa, kuma ba za a ji daɗin yanke zare ba kamar na babban gini. Amma yaro zai taka da ƙafarsa bayan an tashi makarantar allo.

Abin da ya fi gaggawa shi ne fili. A Aboabo yau samun wurin da babu kowa a kai sai an sha wuya da tsada. Sarakunan zango da wakilanmu a majalisun unguwa su nemi a ware a bakin gari tun yanzu, inda ake ta yanka fuloti. 'Yan'uwa na Kano ma, a Kumbotso da Ungogo har yanzu akwai sauran gonakin da ake awo, a sa laburare cikin taswira tare da masallaci da makaranta.