Waƙa 31 a kundi guda: wa ake yi wa wayo?

Wata ɗabi'a ta kama manyan mawaƙan pop a 'yan shekarun nan, kuma ta fara kai ni bango. Mawaƙi zai sanar da sabon kundi, ka buɗe manhaja da ɗoki, sai ka tarar da jerin waƙoƙin da yatsa zai gaji da ja kafin ya kai ƙarshe. A Afrilun 2024 Taylor Swift ta saki The Tortured Poets Department da waƙa 16, bayan awa biyu kacal ta ƙaro 15, suka zama 31, sama da awa biyu na sauraro. Morgan Wallen ya fito da 36 a 2023, da ya ga kasuwa ta karɓa sai ya dawo da 37 a 2025. Chris Brown ma tun 2017 ya jibge 45 a kundi ɗaya. Masoya na ta tafi, wai kyauta ce, wai mawaƙinsu ba ya rowa.

Kyautar me? Ruwa ba ya tsami banza. Tun ƙarshen 2014 jadawalin Billboard na Amurka, mai jera kundaye bisa yawan cinikinsu, ya fara lissafa sauraro ta intanet a matsayin ciniki, inda a lokacin sauraro 1,500 ke tsayawa a madadin sayen kundi ɗaya. A manhajar sauraron waƙa ta Spotify kuwa, da waƙa ta yi daƙiƙa 30 a kunnenka an riga an ƙirga ta. Lissafin ba ya buƙatar malami. Masoyin da ya kwana yana jiran fitowar kundi zai taɓa kowace waƙa ko da sau ɗaya ne, don haka mai waƙa 31 ya ninka mai waƙa 10 sau uku tun daren farko. Ko rabin waƙoƙin sun mutu kafin sati ya zagayo, ba ruwan kamfani; an riga an hau matsayi na ɗaya, jaridu sun buga.

Abin da aka yi asara shi ne aikin tankaɗe da rairaya. Faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da minti ashirin da 'yan kai a kowace fuska, in ka matsa masa sai layukan da allura ke bi su ƙuntata, sauti ya raunana. Wannan takurar ce ta tilasta wa mawaƙa zaɓe. Thriller na Michael Jackson, 1982, waƙa 9 ne, wajen minti 42, kuma bakwai daga cikinsu sun shiga sahun goma na farko a Amurka. What's Going On na Marvin Gaye, 1971, shi ma 9 ne, bai kai minti 40 ba, amma shi mujallar Rolling Stone ta ɗora a saman jerin kundaye 500 mafi kyau da ta sabunta a 2020. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd ya buɗe da bugun zuciya ya rufe da shi, waƙoƙin na shiga cikin juna ba tare da yankewa ba, har mutum ba ya sanin inda wata ta ƙare wata ta fara. Cusa masa ƙarin waƙa ashirin ka ga abin da zai saura.

Labarin da na fi so a wannan babin na ƙungiyar Fleetwood Mac ne. Da suke haɗa kundinsu Rumours, wanda ya fito a 1977, ɗaya daga cikinsu, Stevie Nicks, ta rubuta "Silver Springs", waƙar da mutane da yawa a yau ke sawa cikin mafi kyawun abin da ta taɓa yi. Aka ce mata babu wuri a faifai. Aka cire ta, aka manna ta a bayan ƙaramin faifan "Go Your Own Way". Ranta ya ɓaci sosai, kuma sai a 1997 waƙar ta samu martabar da ta cancanta. To, a duba: kundin da waƙa irin wannan ta kasa samun gurbi a cikinsa, yaya waɗanda suka shiga za su kasance? Shi ya sa har gobe ake sauraron waƙoƙinsa 11 daga farko zuwa ƙarshe ba a tsallake ko ɗaya. A yau, da ita da duk wani gwaji da aka yi a sutudiyo cikin dare za a tattara a watso mana, a bar mai sauraro da aikin da ya kamata furodusa ya yi.

Na san amsar da ake bayarwa: ai The Beatles ma sun yi waƙa 30 a kundinsu mai farin bango na 1968. Sun yi, kuma furodusansu George Martin da kansa ya so a rage shi ya koma faifai ɗaya mai ƙarfi. Ba su ji ba ne. Masu cewa "in ba ka so ka tsallake" kuwa, sun amince da maganata ke nan ba su sani ba. In dole sai na zauna na tsince goma daga cikin talatin na haɗa nawa jerin, to me mawaƙin ya yi ban da zubo mini kayan aiki?

Kada kuma dattawan rok su yi saurin gyaɗa kai, su ce ai waƙa ta mutu tun da aka daina faifai. Wannan ma ragwanci ne. Da CD ya zo da minti 74, 'yan rok ne suka fara cika shi da tarkace. Guns N' Roses sun saki kundi biyu a rana ɗaya a 1991. Sannan a cikin yaran yau akwai masu kunya. Sour na Olivia Rodrigo, 2021, waƙa 11 ne cikin kusan minti 35, babu kitse ko kaɗan. Billie Eilish ta saki Hit Me Hard and Soft a 2024 da waƙa 10, ta ƙi fitar da ko guda kafin ranar, don tana son a ji shi a dunƙule. Adele kuma a 2021 ta sa Spotify ya daina gauraya wa mutane jerin waƙoƙin kundi da zarar sun danna maɓallin kunnawa. Ita kanta Taylor Swift, da ta dawo a Oktoban 2025, waƙa 12 ta kawo, alamar ko ita ta ji ƙorafin.

Masu jadawali ne ya kamata su fara gyarawa: a sa iyaka ga yawan waƙoƙin da za a lissafa wa kundi guda, abin da ya haura a ƙirga shi daban. Masu sharhi su ma su daina rawar jiki suna ba kundin awa biyu maki da safiyar fitowarsa, alhali ko sau biyu ba su kai ƙarshensa ba. In kundi ya yi tsawo babu dalili, a rubuta haka ɓaro-ɓaro a layin farko, ko da rundunar masoyan mawaƙin za ta kwana tana zagi a X.