Ku daina zagin matan da suka sayar da kekunan ɗinki

Tun jiya ake ta yawo da hotunan kekunan ɗinkin nan da injinan markaɗe da aka raba wa mata a matsayin tallafin sana'a, ga su jere a bakin kasuwa ko ledar jikinsu ba a ɓare ba, kuma kowa ya samu abin faɗa. Wannan ya ce talakan Katsina zuciyarsa ta mutu, wancan ya ce an saba musu da cima-zaune, wani har cewa yake a kama su. A kama wa? Matar da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba, aka miƙa mata ƙarfe aka ce ta je ta dogara da kanta? Wallahi ba na tare da ku a wannan zagin. Wanda ya tsara rabon shi ya kamata a tuhuma, domin ya ba mai jin yunwa jari bai ba shi abinci ba, kuma duk wanda aka yi wa haka jarin zai fara ci.

Ku zauna da kowane tela a garin nan ku tambaye shi. Taka keke ana iya koyonsa a mako guda, amma yanka ba a koyonsa a mako biyu. Yaron shago yakan daɗe yana guga da sa maɓalli da kalmasa bakin zane kafin maigidansa ya yarda ya sa almakashi a shaddar mutane, saboda yadi in aka ɓata shi biya ake yi. To macen da ta yi horon 'yan kwanaki a zauren taro, ana layi a kan keke ɗaya, wa zai ba ta atamfarsa ta Sallah? Kuma keke shi kaɗai bai zama shago ba. Akwai almakashi, tef ɗin awo, alli, zare kala-kala, allurai, man keke, zif da maɓallai, dutsen guga da gawayinsa, teburin yanka. Sabon keke ma sai makaniki ya haɗa shi ya saita shi, in ba haka ba zare ya yi ta tsinkewa, ɗinki ya yi ta tsallake. Duk wannan kuɗi ne, kuma ba a ba ta ko sisi ba. Sannan ɗinki yana da lokacinsa: daga azumi zuwa ƙaramar Sallah, gabanin babbar Sallah, bukukuwan bayan kaka, da komawar yara makaranta. Wanda aka ba keke a tsakiyar damina, lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu kuma kwanon gero ya yi tsada, zai zauna ne yana kallonsa. Ƙari a kan haka, sai a zuba kekuna da yawa a unguwa ɗaya wadda da ma telolinta kukan rashin aiki suke yi. Babu wanda ya ƙirga masu kawo ɗinki kafin ya ƙirga kekuna.

Injin markaɗe kuwa mai yake sha. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Bel yana tsinkewa, filogi yana mutuwa, farantin niƙa yana cinyewa sai an kai shi sassaƙa ko an sauya, baƙin mai yana son canji. Maƙwabta kuma rabinsu bashi za su kawo markaɗe, ba ta da fuskar hana su. Ranar da injin ya tsaya babu kuɗin gyara, ranar sana'ar ta mutu.

Awakin da ake rabawa a irin wannan tallafi sun fi duka nuna abin da nake faɗa. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki. In ta haihu sai ɗan ya sha nono kamar wata uku, sannan a ƙara masa wasu watanni kafin ya yi kuɗin da za a kai shi kasuwa. Wato kusan shekara guda kafin naira ta farko ta shigo, kuma a cikin wannan shekarar akuyar tana cin harawa da dusa kullum, ga maganin tsutsar ciki. Yawanci ma ɗan kwangila yakan tattaro su ne daga kasuwanni daban-daban, Mai'adua da Mashi da Charanchi, ya loda a mota ɗaya, ba allurar rigakafin annobar nan ta zawo da majina da ake kira PPR, ba a killace su ko na mako biyu an ga mai ciwo ba. A raba yau, jibi su fara tari, su kuma shafa wa dabbobin da aka tarar a gida. Matar da ta ga akuyar maƙwabciyarta ta mutu, ta ruga da tata kasuwa, hankali ta yi. Mutum ba ya jiran shekara guda da yunwa a cikinsa. Sai an haɗa masa jari da kuɗin abinci, suna tafiya tare, har sana'ar ta tsaya da ƙafarta.

Ba ina cewa shirye-shiryen fitar da mutane daga karɓar tallafi zuwa aiki ba su da amfani ba ne. Suna da shi ƙwarai, kuma mun gani. N-Power, ta gwamnatin tarayya mai ɗaukar matasa aikin wucin gadi, da aka fara a 2016 ta ɗauki mutum 200,000 a rukunin farko, 300,000 a na biyu, ana biyan masu digiri da NCE naira 30,000 a wata a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake 18,000. Ta intanet ake nema, kuɗi kuma kai tsaye cikin asusun mutum, wanda hakan ya rage zuwa kamun ƙafa gidan ɗan siyasa. Makarantun firamare na ƙauye da malamansu ba su taka kara sun karya ba sun samu matasa a aji, ƙananan asibitoci sun samu hannu. Mutum ya tashi da safe yana da wurin zuwa, ya koyi zuwa aiki a kan lokaci, ya ciyar da iyayensa, wasu ma da shi suka yi aure. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda ta gaza shi ne ƙofar fita. Shekara biyu aka tsara, 'yan rukunin farko suka yi kusan huɗu, aka sallame su a tsakiyar 2020 ba tare da an tanadi inda za su sa ƙafa ba. Aka buɗe wa waɗanda aka sallama shafin rajista na NEXIT da alƙawarin rance, mafi yawansu suka gaji da jira. A Oktoban 2023 aka dakatar da shirin, 'yan rukuni na uku suna kukan bashin watanni.

Haka aikin wucin gadin nan na gwamnatin tarayya na mutum 774,000 da aka fara a 2021, mutum 1,000 daga kowace ƙaramar hukuma, wato Katsina mai ƙananan hukumomi 34 ta samu gurbi 34,000. Naira 20,000 a wata, na wata uku, jimla 60,000. Tunanin mai kyau ne, amma wata uku ba ya sauya rayuwar gida, balle in biyan ya zo a makare. Kuɗin tallafi da bai zo a ranarsa ba rabinsa ya riga ya tafi, domin mai shago ya ba da bashin masara a farashin da ya ga dama. Naira 5,000 ɗin nan ta wata-wata da aka riƙa biyan gidajen talakawa a baya, 10,000 duk bayan wata biyu, wadda aka zuba dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da aka dawo da su daga Suwizalan a cikinta, duk ƙanƙantarta ta riƙe gidaje da yawa a lokutan da take zuwa a kan kari. To amma dubi yadda aka yi: masu karɓar kuɗin wata suna wata rajista, masu karɓar keke suna wata takarda ta daban da aka rubuta a daren rabo. Wanda ke da abinci ba shi da jari, wanda ke da jari ba shi da abinci. Gida ɗaya ya kamata ya samu duka biyun.

Na san masu cewa in aka ci gaba da ba su kuɗi za su saba su ƙi aiki. Wane aiki suka ƙi? Ku fita da asuba ku ga masu jiran leburanci a bakin titi da cebur a hannu, ku ga mata masu surfe da wankau da aikatau. Talakan nan ya fi ni da ku wahala, abin da ba shi da shi shi ne sararin da zai jira riba. Masu cewa babu kuɗi kuma su lissafa abin da ake kashewa a ranar rabo kaɗai, rumfuna da kujeru da riguna masu hoto da motocin kwaso jama'a da ribar ɗan kwangila. A rage yawan mutanen, a yi wa kaɗan abin da zai tsaya. Gida ɗari da suka fita daga layin karɓa sun fi gida dubu da za su dawo layin baɗi.

Kuma ba sai mun je nesa ba. Nan Nijar, bayan Kongolam da Jibiya, gwamnatinsu ta riƙa biyan matan gidajen talakawa sefa 10,000 duk wata har shekara biyu. A kan wannan aka ɗora ƙungiyoyin adashi da rance, da horon sana'a, da mai bibiya da ke zama da su, wasu kuma aka ba su sefa 80,000 a dunƙule su yi jari. Da aka fitar da sakamakon binciken a 2022, an ga kuɗin shigar matan da abincin gidajensu sun ƙaru. Tushen tsarin daga ƙungiyar BRAC ta Bangaladash yake, tun 2002: jari, kuɗin abinci, ajiya, da mai zuwa gida-gida, na kimanin shekara biyu. An gwada shi a ƙasashe shida, ciki har da Ghana da Habasha, ya yi aiki a biyar. Inda ya faɗi, Honduras, kaji aka raba cuta ta kashe su, irin abin da nake faɗa a kan awakinmu. Amurka ma da ta yi dokar 1996 mai tilasta aiki da iyakance tallafi ga shekara biyar, yawan masu karɓa ya ragu sosai, amma masu ƙaramin albashi sun ci gaba da samun tallafin abinci da rangwamen haraji. Ba a yanke musu komai rana ɗaya ba.

Mai bibiyar nan shi ne abin da muka fi rainawa. Ba babban jami'i ake nema ba, mutumin unguwa ne ko matar unguwa da ta san sana'ar, a ba ta gidaje daidai ƙarfinta, tana leƙawa duk mako da littafi: nawa aka samu, nawa aka ci, nawa aka sa a adashi, akuya tana cin abinci ko ta yi sanyi. A biya ta alawus, a kuma biya telan da ya karɓi mai koyo, rabi a farko, rabi ranar da mai koyon ya yanka riga ya ɗinka a gaban masu gwaji. Keken ma kada a ba da shi ranar farko, a ba da shi ranar yaye. Kuɗin abinci kuma a riƙa rage shi sannu a hankali yayin da ciniki ke tashi, domin in mutum ya san ranar da ya fara samu za a cire sunansa, ɓoye samun zai yi.

Aikin gayya na biya shi ma yana da lokaci. Da rani ake yinsa, daga bayan kaka zuwa faɗuwar ruwa, lokacin da matasa ke tafiya cirani, ba da damina ba da kowa ke gonarsa. Habasha haka take yi tun 2005, tsofaffi da marasa lafiya kuma a ba su nasu ba tare da aiki ba. Aikin ga shi nan zube: yashe magudanan ruwa kafin damina, cike zaizayar ƙasa, gyaran hanyoyin ruwa na noman rani a Jibiya da Zobe da Sabke, rainon itatuwa a Zango da Baure da Sandamu inda hamada ke matsowa. Dokar Indiya ta 2005 ta ba kowane gidan karkara kwana 100 na aiki a shekara, ta ce a biya cikin kwana 15, ta ce a tanadi mai raino a wurin aiki in yara ƙanana sun yi yawa. Mu kuwa ko tunanin goyon da ke bayan mace ba ma yi. Kuma a lura da matan da ke cikin gida: in aka ba uwa jarin awara ko ƙuli-ƙuli ba a samar mata mai sara ba, 'yarta ce za ta bar aji ta ɗauki talla. A haɗa ta da masu shago ko masu dafa abincin makaranta tun kafin ta soya na farko.

Wani abin da ke ci mini rai, duk wannan muna da shi a gida. Abu Dawuda ya ruwaito labarin Ba'ansaren da ya zo roƙo wajen Manzon Allah (SAW), aka sayar da shimfiɗarsa da ƙoƙonsa dirhami biyu, aka ce ya sayi abinci da ɗaya ya kai wa iyalinsa, ya sayi gatari da ɗayan, Annabi ya sa masa ƙota da hannunsa, ya ce ya je ya yi itace kada ya gan shi sai bayan kwana 15. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma dubi jerin: abinci tukuna, sannan kayan aiki, sannan ranar dawowa. Alhazanmu masu fitar da zakka, don Allah ku duba wannan. Layin da ake tarawa a ƙofar gida cikin azumi, a raba 'yan dubu-dubu a ambulan, har ana tattake tsofaffi, ba shi ne kaɗai hanya ba. Malikawa sun halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara, Shafi'awa sun ce mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa. Ku tambayi limaman unguwanninku, sun san gidajen zawarawa masu marayu da mutanen Batsari da Safana da suka baro gonakinsu suke zaune a kangaye a cikin gari, waɗanda sunansu ba ya cikin kowace rajista saboda adireshinsu yana ƙauyen da suka gudo.