Bakin Kogin Kaduna: a fara sanin mai wuri kafin a kira masu zuba jari

Kaduna ba ta da teku, amma rigimar da ake yi a gaɓar tekun Legas ta shafe mu.

A Afrilun 2024 katafila ta shiga wurin shaƙatawa na Landmark da ke Legas, ta rushe abin da ke bakin ruwa domin titin Legas zuwa Kalaba mai tsawon kusan kilomita 700. Masu wurin suka ce suna da takardu, Ministan Ayyuka David Umahi ya ce gaɓar ta Gwamnatin Tarayya ce. Su kenan masu kuɗi da lauyoyi. Mutanen Tarkwa Bay, wata unguwar bakin teku a Legas, kuwa, da sojojin ruwa suka kora a Janairun 2020 bisa zargin fasa bututun mai, a ranar suka kwashe kayansu a kwale-kwale.

Tushen abin shi ne dokoki biyu da ke karo da juna. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna. Dokar 1997 ta NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, kuma ta ba Tarayya iko da manyan hanyoyin ruwa har da mita 100 daga gaɓa, kuma Kogin Kaduna yana cikin jerin. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ba NIWA gaskiya a kan Jihar Legas. To, wanda ya riƙe takardar fili ta KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, da izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ya kafa otal a bakin kogi, wa zai ce masa ya tsira?

Ba na adawa da gyara bakin kogin. Duk wanda ya kai yara wurin shaƙatawa na Gamji da sallah, ya tsaya kusa da tsohuwar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru, ya san muna zaune a kan dukiya muna kallonta. Abin da nake ƙi shi ne a zana taswira a ofis kamar gaɓar kango ce. Akwai masu lambu da ke jan ruwa da inji suna noman alayyafo da latas a rani. Akwai masu yashi da ke nutso da bokiti suna cika kwale-kwale, tifa na jira a tudu. Ga masunta, ga masu wanki. Yawancinsu ba su da takarda ko ɗaya, don haka ranar biyan diyya ba a ganin sunansu. Sai mai unguwa ya ji labari a rediyo.

Sannan kogin kansa yana da nasa hakki, kuma yana karɓa da damina. Mutanen Kigo Road da Kabala sun san haka.

Ya kamata gwamnatin jiha ta zauna da NIWA su fitar da iyaka a rubuce, a ƙidaya masu ci daga kogin unguwa-unguwa, a ba wakilansu kujera a kwamitin tsarawa tun kafin a sa hannu da kowane kamfani.