Kwana tara a bayan kanta

Tun shekaranjiya abin nan yake ci na, gara in faɗe shi in huta.

Maƙwabciyata a nan Karmo da ke Abuja, dattijuwa ce mai sayar da ƙosai, tana da 'ya'ya maza biyu. Babban ya karɓi kuɗin wani ɗan kasuwa da sunan zai kawo masa kaya, ya yi layar zana. Da aka zo nemansa ba a same shi ba, sai aka tasa ƙeyar ƙanensa, yaron da ke koyon walda, ko masaniyar cinikin bai da ita. Kwanansa tara a rufe.

Ni na raka ta caji ofis ɗin. A bango an rubuta ɓaro-ɓaro cewa beli kyauta ne. A ƙarƙashin rubutun ta tsaya tana kwance bakin zani, tana ƙirga 'yan ɗari bibbiyu da suka sha man gyaɗa. Kuɗin takarda daban, na shigar da abinci daban, na beli kuwa sai da aka yi ciniki kamar a kasuwar Dei-Dei. Ta ce da ni, "Ɗan nan, in na sayar da kaskon, zai isa?" Har yau maganar ba ta bar kunnena ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, doka ta hana duk wannan. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015, wadda ke aiki kai tsaye a Abuja, ta haramta kama wani a madadin wani a sashe na 7. Ta hana kamu a kan rikicin bashi ko ciniki. Ta ma wajabta wa majistare ya riƙa leƙa wuraren tsare mutane duk wata. To wa zai karanta wa mai ƙosai wannan? Ko ta sani, da wane bakin za ta faɗa a gaban mai bindiga?

Yaron nan ya ma yi sa'a, tunda bai kai gidan yarin Kuje ba. Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke, ba wanda ya tabbatar da laifinsu. Yau fayil ya ɓata, gobe babu motar kai su kotu, jibi an ɗage zama.

Ku dubi shari'ar Joshua Dariye, tsohon gwamnan Filato. An gurfanar da shi a 2007, ba a yanke hukunci ba sai 2018, kan kuɗin jiharsa sama da naira biliyan ɗaya. A tsakanin nan yana waje a kan beli, sau biyu yana cin zaɓen sanata. Aka ba shi shekara 14, kotun ɗaukaka ƙara ta mayar 10, a 2022 kuma gwamnatin Buhari ta yi masa afuwa. Ban ce a hana shi lauya ko beli ba, haƙƙinsa ne. Cewa nake haƙƙin nan na ɗan mai ƙosai ne shi ma, kuma ba da kuɗin kasko ya kamata ya saye shi ba.

Mu ma da laifinmu. Wanda ya kai ƙarar nan, ɗan'uwanmu ne, sahu ɗaya muke sallah, ya kuma san sarai ba yaron ne ya ci kuɗinsa ba. Ya ba da na mai aka je aka ɗauko shi don uwar ta ji zafi ta biya.

Yaron ya fito ranar Laraba, jikinsa duk ƙuraje. Kaskon kuwa an sayar.