Manhajojin Hira a Kwamfuta: A Hannun Wa Hirarka Take Kwana?

Duk wanda ya tashi kwatanta manhajojin aika saƙo na kwamfuta, kwalliya yake fara jerowa: wacce ta fi yawan sitika, wacce zaurenta ya fi ɗaukar jama'a, wacce ke barin mutum ya gyara saƙo bayan ya tura. Ba laifi a duba waɗannan, sai dai a ganina su ne suka fi ƙarancin muhimmanci, domin abin da ɗaya ta ƙirƙiro bana, baɗi sauran duk sun kwaikwaya. Abin da ba ya canzawa cikin sauƙi shi ne tushen ginin manhajar, wato inda hirar take kwana, da wanda ke riƙe da makullinta, da abin da zai saura a hannunka ranar da kamfanin ya ce ya gaji.

Kamfanoni kuwa suna gajiya. ICQ ta fito a 1996 daga wani ƙaramin kamfanin Isra'ila mai suna Mirabilis, AOL ta saye ta a 1998, ta yi ta sauya hannu har aka kashe ta a watan Yunin 2024. AIM ta AOL ta fara a 1997 ta mutu a Disambar 2017. Yahoo Messenger ta bi ta a Yulin 2018. MSN Messenger ta Microsoft, wadda a zamaninta kusan duk mai kwamfuta yana da ita, an fara janye ta a 2013 aka ce kowa ya koma Skype. Ita kanta Skype, da Microsoft ta biya dala biliyan 8.5 ta saya a 2011, an rufe ta a Mayun 2025 aka ce kowa ya koma Teams. Babu ɗaya daga cikinsu da ta mutu don ƙarancin sitika. Kowacce ta taɓa zama wadda ba a zaton za a wayi gari babu ita, kuma kowacce ta tafi da jerin abokan mutane da hirarrakinsu, in ban da na waɗanda suka yi azamar kwashe nasu kafin wa'adi ya cika.

Wannan ya fi damun mai kwamfuta fiye da mai waya. A waya, yawancin hira gaisuwa ce da tambayar "kana ina", ko ta ɓace babu wanda zai yi kuka. Wanda ya buɗe manhajar hira a kwamfuta kuwa, galibi aiki yake yi. A can ake tura takardar yarjejeniya, a can ake amincewa da sharuɗɗa, a can ake ajiye fayil ɗin da za a nema bayan shekara biyu. Irin wannan hirar ta zama kundin ajiya ko da mai ita bai yi niyya ba.

WhatsApp da Signal gini ɗaya suka bi. Saƙo ana kulle shi ne a na'urar mai aikawa, ba ya buɗuwa sai a na'urar mai karɓa, kamfanin da ke tsakiya ba shi da makulli. Fasahar kullewar ma ɗaya ce, domin ta Signal ce WhatsApp ta ɗauka ta gama shimfiɗawa ga kowa a Afrilun 2016. Farashin wannan tsaro shi ne manhajar kwamfuta ta zama 'yar rakiyar waya. Ba za ka buɗe sabon asusu daga kwamfuta ba, sai ka fara da waya sannan ka haɗa su da lambar QR. Lokacin da WhatsApp Web ta fito a 2015, madubin waya ce kawai: cajin wayarka ya ƙare, kwamfuta ta tsaya. Daga 2021 aka fara gyara wannan, yanzu na'urori huɗu suna iya aiki ko da wayar a kashe take, amma in ta yi kwana 14 ba a yi amfani da ita ba, duk sai a sallame su. Har yanzu dai waya ce uwar gida.

Telegram ta bi wata hanya dabam, kuma a nan ne nake ganin mutane suka fi ruɗuwa. In ana maganar daɗin aiki a kwamfuta, da wuya a samu wadda ta kai ta. Tana buɗewa da sauri, ba ta danne kwamfuta, ka shiga daga sabuwar na'ura ka tarar da hirarka ta shekaru tana jiranka, ka nemi kalma guda ta zaƙulo maka ita nan take. Fayil mai girman gigabait 2 yana wucewa, zaure yana ɗaukar mutum 200,000. Duk wannan sauƙin daga abu guda ya samo asali: hirar tana zaune ne a rumbun kamfanin, kuma makullin yana wurin kamfanin. Akwai kullewa tsakanin na'urarka da rumbunsu, amma su suna da hanyar buɗewa. Hirar sirri wadda ba mai iya karantawa sai ku biyu tana nan, sai dai da hannu ake kunna ta, ba ta aiki a zauren jama'a, kuma abin da ya fi shafar batunmu, babu ita sam a Telegram Desktop ta Windows da Linux. Ma'ana, wanda yake Telegram a kwamfutar Windows yana ganin ya shige ɗaki ya kulle ƙofa, babu saƙonsa ko ɗaya da ya samu irin kullewar da WhatsApp ke yi wa ko da gaisuwar safe.

Wannan ba zargin cewa kamfanin yana karanta hirar mutane ba ne. Maganar ita ce yana da iko, kuma wanda yake da iko ana iya matsa masa. An kama Pavel Durov, wanda ya kafa Telegram da ɗan'uwansa Nikolai a 2013, a Faransa a watan Agustan 2024. Wata guda bayan haka kamfanin ya sauya ƙa'idarsa, ya ce zai miƙa lambar waya da adireshin intanet na wanda ake tuhuma ga hukuma in ta zo da sahihiyar buƙata ta shari'a. Mutum zai iya ganin wannan daidai ne, ni ma ban ce kuskure ba ne. Abin lura shi ne alƙawarin kamfani yana canzawa cikin wata guda, amma kamfanin da ba shi da makulli ba shi da abin miƙawa daga cikin hirar, ko wa ya tambaya.

To amma kada masu Signal su yi saurin tafi. Kullewa tana kare saƙo ne a kan hanya. Da ya iso kwamfutarka ya buɗe, tsaronsa ya koma daidai da tsaron kwamfutar, ita kuwa kwamfuta ba waya ba ce. A waya kowace manhaja a killace take, ba ta leƙa kayan 'yar'uwarta. A kwamfuta, duk manhajar da ka girka tana iya karanta yawancin fayilolin da kai kake iya karantawa. Signal ta sha suka a 2024 kan cewa makullin ma'ajiyar saƙonninta na kwamfuta yana ajiye a fili cikin wani fayil, abin da aka daɗe da sani, kuma sai bayan surutu ya yi yawa ta gyara. A gefe guda, ita ce a Mayun 2025 ta toshe Recall, tsarin Windows 11 da ke ɗaukar hoton allon kwamfuta lokaci zuwa lokaci don tuna wa mutum abin da ya yi, ta hana shi ɗaukar hoton hira. Wannan ya nuna inda haɗarin yake a yau. Ga kuma wanda ya fi kowanne sauƙin faruwa: kwamfutar ofis ko ta gida da mutum uku ke amfani da ita, ka haɗa WhatsApp ɗinka ka tashi ba ka fita ba. Babu fasahar kullewar da za ta cece ka daga wanda ya zauna a kujerarka.

Batun nauyi kuwa gajere ne. Slack da Discord da Signal da Element duk an gina manhajojinsu na kwamfuta a kan Electron, wato kowacce tana ɗauke da burauza sukutum a cikinta. Ka buɗe uku a tsohuwar kwamfuta, za ka ji fanka ta fara huci. Telegram Desktop ba a haka aka gina ta ba, shi ya sa take da sauƙi. Mai ƙaramar kwamfuta gara ya buɗe Slack da Discord da Element a burauzar da yake amfani da ita, tunda kusan abu ɗaya zai samu.

Slack da Teams wani jinsi ne, kuma kuskure ne a auna su da ma'aunin WhatsApp. An yi su ne don ma'aikata, kuma mai hirar shi ne wurin aikin. Hukumar kamfani tana iya adana saƙonni, tana iya fito da su in shari'a ko bincike ya taso, kuma ranar da ka bar aiki ƙofar ta rufe da duk abin da ka rubuta. A wajen aiki wannan daidai ne, haka ya kamata. Wauta ita ce mutum ya kai ƙorafin shugabansa ko sirrin gidansa can. Slack ta kyauta ma kwana 90 kawai take nuna maka na tarihin hira, sauran sai ka biya, abin da ya wuce shekara kuma gogewa take yi. Discord, wadda ta fito a 2015 don masu wasannin kwamfuta, ta yi fice a hirar murya, kuma ta fara kulle kiran murya da na bidiyo a 2024, amma rubutattun saƙonni ba su samu wannan kullewar ba.

In aka koma kan abin da zai saura a hannunka, abin mamaki Telegram ɗin da na soka ita ce kan gaba. Manhajarta ta kwamfuta tana barin ka kwashe dukan hirarka da hotuna da fayiloli zuwa ma'ajiyar kwamfutarka, ka buɗe su a burauza ko babu Telegram a duniya. WhatsApp hira ɗaya-ɗaya take barin a fitar, kuma da iyaka. Shi ya sa ba na yarda da masu neman a naɗa wa manhaja guda sarauta. Ni dai, zancen da ba na so kowa ya gani Signal nake kai shi. Babban zaure da manyan fayiloli waɗanda ko sun fita ba za su cutar da kowa ba, Telegram ta isa. Takarda mai muhimmanci kuwa, ko ta wace manhaja ta zo, a sauke ta a ajiye a wurin da mutum yake da iko da shi, domin kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai mai cewa duk wannan lissafin banza ne, tunda mutum ba ya zaɓen manhaja, inda mutanensa suke can yake zuwa. Gaskiya ne, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi a kan duk wani kwatance irin wannan. Manhajar da ta fi kowacce tsaro ba ta da amfani in kai kaɗai ne a ciki. Sai dai wannan tilas ɗin ba daga sama ya faɗo ba, gina shi aka yi. Imel bai san wannan matsalar ba: mai Gmail yana rubuta wa mai Outlook ba tare da ya nemi izinin kowa ba, domin ƙa'idar sadarwar a buɗe take. An so a yi wa hira haka. Jeremie Miller ya fito da buɗaɗɗiyar ƙa'idar hira mai suna Jabber a 1999, wadda ta zama XMPP, har Google Talk ta hau kanta a 2005 kafin Google ta juya baya ta koma Hangouts a 2013. Manhajoji irin su Pidgin da Trillian sun daɗe suna tara wa mutum asusunsa na AIM da MSN da Yahoo da ICQ a taga ɗaya. Manyan kamfanoni ba su taɓa son haka ba. A 1999 Microsoft ta sa MSN Messenger ta riƙa magana da masu AIM, AOL ta toshe, Microsoft ta sake buɗewa, AOL ta sake toshewa, aka yi ta yi har Microsoft ta haƙura. A Disambar 2023 an maimaita wasan, lokacin da manhajar Beeper ta buɗe wa masu Android hanyar shiga iMessage ta Apple, Apple ta rufe cikin 'yan kwanaki.

Magajin wancan burin a yau shi ne Matrix, buɗaɗɗen tsari da aka fara a 2014, wanda Element ta fi shahara a cikin manhajojinsa. Kowace ƙungiya tana iya kafa nata rumbun ta riƙe hirarta da kanta, kuma ta yi magana da masu wasu rumbunan. Gwamnatin Faransa a kansa ta gina Tchap don ma'aikatanta, rundunar sojin Jamus ma a kansa ta gina tata. Ga ma'aikatar da ke da masu kula da kwamfutoci, wannan shi ne zaɓin da na fi ganin hikimarsa. Ga mutum ɗaya kuwa, ba zan ɓoye ba, yana da wahalar sabo, musamman wajen tantance sabuwar na'ura da adana makullin ceto, wanda in ya ɓace tsofaffin saƙonni suna iya ƙin buɗuwa.

Tarayyar Turai ta shigo da doka. Dokarta ta kasuwannin dijital ta wajabta wa Meta, kamfanin da ya mallaki WhatsApp, daga Maris 2024, ta buɗe WhatsApp da Messenger ga sauran manhajojin da suka nemi haɗuwa da su. Mataki ne mai kyau, amma iyakarsa Turai, kuma sai ɗaya ɓangaren ya nema. Signal ta ce ba za ta nema ba, domin da zarar saƙon mai amfani da ita ya tsallaka gidan wani, ba ta da ikon tabbatar da abin da za a tattara game da wa ya yi magana da wa, da kuma yaushe. Ina son a rushe katangun nan, amma wannan uzurin na Signal ban samu amsar da zan ba shi ba tukuna.