Alhaji Akawu da Taurarin Kwamfuta

(Zauren wani gida a Tudun Wadan Zariya, bayan sallar la'asar. Alhaji, tsohon akawun da ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati, yana kishingiɗe a kan darduma. Jikansa, ɗalibin nazarin halayyar ɗan Adam, ya iso daga Samaru, ya yi sallama, sai idonsa ya faɗa kan kwamfutar da ke rufe a gefe, an jera goro biyar a kanta.)

JIKA: Alhaji, me nake gani haka? Kwamfutar da na bar maka domin atisayen ƙwaƙwalwa ita ce ta zama faifan goro?

ALHAJI: Ta samu aikin da ya dace da ita ne, domin shimfiɗaɗɗiya ce, kuma goro ba ya gangarowa daga kanta.

JIKA: Ai da bakinka ka ce mini ka gaji da shiga ɗaki ka tsaya kana tambayar kanka abin da ya kawo ka. Shi ya sa muka yi alkawarin za ka riƙa zama minti 20 kullum bayan sallar asuba.

ALHAJI: Na zauna kuwa. Wani ɗan gida ya haska a nan, wani ya haska a can, sannan a tambaye ni ko wanda ya haska yanzu shi ne wanda ya haska sau biyu baya. Ranar farko na ji daɗi, rana ta uku na yi hamma, rana ta biyar kuwa Hajiya ce ta tashe ni, goshina a kan madannai.

JIKA: Wannan ita ce babbar matsalar irin wannan horo, domin farawa ba ta yi wa kowa wuya, ɗorewa ce ke gagarar mutane. A wani babban bincike da aka fara a Amurka a 1998, tsofaffi 2,832 aka ɗauka, kuma waɗanda aka horar a cikinsu zama goma aka tsara musu, rukuni-rukuni, da mai koyarwa a tare da su.

ALHAJI: To ka ji! Su majalisa aka kafa musu, ni kuwa ka bar ni da akwatin da ko atishawa na yi ba zai ce mini komai ba.

JIKA: Ai shi ya sa na yanka maka ladan naira 200 a kan kowane zama.

ALHAJI: Ka biya sau tara, ka ɗauke ƙafa. Ni ɗan fansho ne, yaro, na san kamannin biyan da aka fara da fara'a aka ƙare da shiru, don haka ranar da kuɗi suka tsaya ni ma gwiwata ta yi sanyi.

JIKA: A nan kuskurena ne, kuma da na tuna karatuna da ban yi shi ba. Tun a 1971 wani masani mai suna Edward Deci ya ba ɗalibai wasan haɗa 'yan gutsattsari, ya biya wasu kuɗi, ya bar wasu haka nan, sai ya ga waɗanda aka biya sun rage taɓa wasan da aka janye kuɗin. Lada yakan mayar da abin sha'awa ya zama ƙwadago.

ALHAJI: Wato bashin da nake bin ka ma har yana da suna a kimiyya?

JIKA: Mu bar maganar bashi tukuna. Ina taurarin da manhajar ke ba ka, da ƙidayar kwanakin da ka jera ba fashi? Masu ƙera ta sun sa su ne musamman domin mutum ya ji ƙyashin tsallake rana.

ALHAJI: (ya miƙe zaune, abin ya taɓa shi) Kada ka tayar mini da mikin nan. Kwana 23 na jera, har na fara faɗa wa mutane a ƙofar masallaci, sai aka ɗauke wuta kwana biyu cur, batir ya mutu. Da wuta ta dawo na buɗe, sai na tarar da sifili yana kallona. Ko uwar adashi mafi mugunta ba ta cinye wa mutum zubin kwana 23 saboda ya makara sau ɗaya.

JIKA: Gaskiya ne, ƙidayar nan tana riƙe mutum muddin ba ta tsinke ba, amma ranar da ta tsinke takan tafi da zuciyarsa gaba ɗaya. Sai dai na ga ka sake jera wasu kwanaki bayan nan, har ka hau mataki na biyar, abin da ni kaina ban taɓa kaiwa ba.

ALHAJI: (ya kau da kai) Wannan lokacin ne na tafi ɗaurin aure Kano.

JIKA: Kana Kano, kwamfuta tana Zariya, kana kuma hawa mataki?

ALHAJI: Na wakilta ƙanwarka 'yar aji huɗu, domin kada ƙidayar ta sake tsinkewa. Wakilci ai halal ne, ko a ɗaurin auren ma da wakili aka yi.

JIKA: Alhaji, manhajar nan tana auna mai amfani da ita ne. Idan ka ci sai ta ƙara wuya, idan ka faɗi sai ta sassauta, domin ta tsayar da kai tsakanin gundura da fid da rai, kamar yadda malamin allo ba ya ƙara wa yaro karatu sai ya ga ya riƙe na jiya. Da ka ba yarinya, sai ta ɗauka kai ne ka zama haziƙi dare ɗaya.

ALHAJI: Na dawo na tarar gidajen suna walƙiya kamar fitilun 'yan acaba a unguwar PZ. Kullum sai ta rubuta mini cewa an rage mini mataki, kwana huɗu a jere, a gaban iyalina. Ina cikin wannan baƙin ciki kuma sai ga wani suna ya bayyana a saman nawa, wai shi Zakara. Na yi mako guda ina bin sa, ina kai maki 400 yana kai 600, har na gane aljani ne kamfanin ya ɗauka aiki, na rufe, na ɗora goro.

(Hajiya ta shigo da kwanon kunu. Mai karatu ya lura cewa goron nan kullum a jere yake tsaf, alhali Alhaji bai taɓa jera komai ba tun da ya bar ofis.)

HAJIYA: Maigidana ne ya zo? Sannu da hanya. Alhaji, wane ne kake kira aljani?

ALHAJI: Wani mara kunya ne a cikin kwamfuta, ba ki san shi ba.

HAJIYA: Maki 640 ne, ba 600 ba, kuma jiya da dare ya kai 710.

ALHAJI: Innalillahi! Ke ce?

JIKA: Hajiya, ke da ban biya ko sisi ba, ban kuma yi miki huɗuba ba, me ya riƙe ki?

HAJIYA: Ni taurarin nan ba su dame ni ba, domin ba a sayen gishiri da su. Na fara daga ƙasa, ba wanda ya yi mini, kuma duk ranar Juma'a ni da maƙwabciyata mukan gwada wadda ta fi. Sannan shekara 46 ina gidan nan ana ce mini ban san lissafi ba, yanzu kuwa kowane dare ina ganin sunansa a ƙarƙashin nawa a rubuce.

ALHAJI: (ya share goron da hannu, ya jawo kwamfutar) Kunna mini ita. Ba na son kuɗinka, ba na son tauraro, kuma daga yau sau biyu zan riƙa zama.

JIKA: Madalla, amma kada ku ɗauka makin nan shi ne ƙwaƙwalwar kanta. A 2010 wani masani mai suna Adrian Owen ya haɗa kai da BBC, mutum 11,430 suka yi mako shida suna atisaye, suka ƙware a wasannin da suka maimaita, amma ba a ga ƙwarewar ta tsallaka zuwa wasu ayyukan ba. A 2016 kuma kamfanin da ke da Lumosity, wata manhajar atisayen ƙwaƙwalwa, ya amince ya biya dala miliyan 2 a Amurka saboda tallan da ya wuce abin da hujja ta tabbatar.

HAJIYA: Wannan Turawa ya shafa. Ni tun da na fara, ko allura na ajiye a gidan nan ba na mantawa.

ALHAJI: (yana shaƙar iska, idonsa a kan allon) Hajiya, wannan ƙaurin daga gidan maƙwabciyar taki yake fitowa?

HAJIYA: Miyata!

(Ta fita da gudu. Alhaji bai ko ɗaga kai ba.)

ALHAJI: Yaro, yi sauri kafin ta dawo, nuna mini inda ake goge sunan mutum.